Cimar Italiya da Lafiyar Jiki

Cimar Italiya ba iri ɗaya ba ce, kowane yanki da tukunyarsa. A arewa, wajen Lombardiya da Beneto, an fi girki da man shanu, a ci shinkafa da polenta, wato tuwon masara. A kudu kuwa man zaitun ne ke kan gaba, tare da taliyar alkama, burodi, wake iri-iri, ganye, kifi da 'ya'yan itatuwa. Tumatir, wanda yau ake gani kamar ɗan asalin ƙasar, baƙo ne: daga nahiyar Amurka ya iso a ƙarni na 16, kuma ya daɗe kafin ya samu shiga miya.

Cimar kudu ce masana lafiya suka fi zura wa ido. A farkon shekarun 1950 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya ziyarci birnin Nafoli da ke kudu, ya lura cewa ciwon zuciya bai yawaita tsakanin ma'aikata talakawa ba kamar yadda yake a Amurka. Abincinsu bai wuce taliya da miyar tumatir, wake, burodi da ganye ba, nama sai jefi-jefi. Daga nan ya jagoranci binciken ƙasashe bakwai da aka fara a 1958, wanda ya haɗa da ƙauyukan Crevalcore da Montegiorgio na Italiya, ya kuma nuna alaƙa tsakanin yawan cin kitsen dabbobi da toshewar jijiyoyin zuciya. An soki yadda aka zaɓi ƙasashen, amma binciken da aka yi daga baya ya ƙarfafa amfanin man zaitun, wake da kayan lambu. Keys kansa ya zauna shekaru masu yawa a ƙauyen Pioppi da ke Cilento, ya rasu a 2004 yana da shekara 100.

Kada a ɗauka duk abincin talaka lafiya ne. A ƙarni na 18 da na 19, manoman arewa da suka dogara kacokan kan tuwon masara sun sha fama da cutar felagira, mai lalata fata da hanji har ta taɓa hankali, saboda ƙarancin sinadarin niyasin. Abin da ya tsare kudu shi ne haɗa hatsi da wake da ganye.

Yadda ake ci ma yana da nasa tasiri. Ana zama tare da iyali, a fara da taliya ko romo, a bi da kifi ko nama kaɗan da ganye, a rufe da ɗan itace, ba gaggawa. Don kare wannan al'ada Carlo Petrini ya kafa ƙungiyar Slow Food, bayan zanga-zangar ƙin buɗe gidan abincin gaggawa na McDonald's a birnin Rum a 1986. A 2010 UNESCO ta sanya cimar yankin Bahar Rum, wadda irin wannan cima ta kudu take ciki, cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin damuwa, yau ƙibar yara ta fi yawa a kudancin ƙasar, musamman Kampaniya, yankin da Keys ya fara ganin wannan cima, domin lemon kwalba da kayan zaƙi na kanti sun samu wurin zama a gidaje.