Me ake nufi da "sitem sel"?

Kalmar "sitem sel" ta cika rediyo da shafukan sada zumunta, galibi a bakin masu tallan garin magani da ke cewa yana sabunta jiki. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar ta a matsayin sinadarin sha, alhali kuwa ƙwayar halitta ce mai rai wadda ba ta riga ta zama tsoka ko jini ko jijiya ba.

Kwana biyar zuwa shida da haɗuwar ƙwan mace da maniyyi, ɗan tayi bai wuce ɗan ƙwallo mitsitsi ba, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin da kowacce za ta iya zama kowane sashe na jiki. DNA ɗinsu, wato kundin umarnin halitta da ke cikin kowace ƙwaya, iri ɗaya ne. Abin da ke raba musu aiki shi ne enzayim, wato sinadaran da ke gudanar da ayyuka a cikin ƙwaya: wasu suna manna sinadarin metil a jikin DNA su rufe umarnin da ba a bukata, wasu su cire shi, wasu kuma su tsuke ko su sassauta furotin histon da DNA ke naɗe a kansa. Su kansu enzayim ɗin ana kunna su ana kashe su ne gwargwadon saƙon da ƙwaya ke samu daga maƙwabtanta. A 1992 masu bincike sun cire wa ɓeraye ɗaya daga cikin enzayim masu manna metil, sai 'yan tayin suka mutu tun a mahaifa.

Idan aka allurta irin waɗannan ƙwayoyi a jikin ɓera ba tare da wannan tsari ba, ƙari suke zama, wanda ake kira teratoma, inda guringuntsi da fata da jijiya ke cakuɗe wuri guda. A jikin mutum ma akan tarar da gashi da haƙora a cikin irinsa. A ganina duk mai yi wa jama'a alkawarin sitem sel ya kamata ya fara da wannan bayani.

Shi kansa ilimin sitem sel gaskiya ne. Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayoyin jikin ɓera zuwa halin farko, wato sitem sel irin na ɗan tayi, a 2006, ya kuma sami kyautar Nobel a 2012 tare da John Gurdon na Ingila. Dashen ɓargo, wanda ke warkar da wasu masu sikila, shi ma aikin sitem sel ne, ƙarƙashin kulawar ƙwararrun likitoci. Garin da aka haɗa daga tsiro kuwa, ciki narkar da shi yake yi kamar kowane abinci, kuma ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar mutum.