Filasmodesmata: ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin halittar tsiro

Filasmodesmata wasu ƴan siraran hanyoyi ne da suke huda bangon ƙwayar halittar tsiro su haɗa ta da maƙwabciyarta, guda ɗaya ana ce masa filasmodesma. Kowace ƙwaya a jikin tsiro tana kewaye ne da bango mai tauri, to da ba don waɗannan ƙofofi ba da kowa na ɗakinsa ba ruwan wani da wani. Ta nan ne sukari da gishirin jiki da wasu furotin har da RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da saƙon gado, suke bi su tsallaka.

Wani masanin tsirrai mai suna Eduard Tangl ne ya fara bayyana su a 1879, sunan kuma Eduard Strasburger ne ya raɗa a 1901, amma ainihin abin da ke ciki ba a gan shi ba sai da maikiroskof na ilektiron, na'urar ganin abubuwa ƙanana ƙwarai, ya zo, don faɗin ƙofar bai wuce nanomita 50 haka ba, nanomita ɗaya kuwa ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya.

In aka yanka ƙofar a tsakiya abu uku ake gani. Daga waje akwai tantanin ƙwayar, wanda ya zarce daga wannan ƙwaya zuwa waccan ba yankewa, kamar an shafe cikin ramin da shi. Can tsakiya akwai wani bututu da ake kira desmotubul, faɗinsa kamar nanomita 15, shi kuma reshe ne na endofilasmik retikulum, wata ragar bututu da ke cikin ƙwayar, da aka matse shi sosai har kusan babu rami a cikinsa. Tsakanin biyun sai ɗan fili, kuma yawancin kaya ta nan suke wucewa, ba fili ne fetal ba fa, akwai furotin da suka ɗaure tantanin da bututun kamar sifokin keke. Hotunan da aka ɗauka a saiwar wani ɗan tsiro mai suna Arabidopsis a 2017 ma sun nuna a sabbin ƙofofi filin nan kusan ba a ganinsa sam, amma duk da haka kaya na wucewa, abin da mamaki gaskiya.

Wurin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne wuyan ƙofar. Nan tsiro yake tara wani sinadari mai suna kalos, in ya taru sai wuyan ya tsuke, in wani inzayim, wato furotin mai narkar da abu, ya narkar da shi sai ya buɗe, shi ya sa in ganye ya ji rauni ko cuta ta shigo nan da nan ake toshewa. Zaren auduga ma yana rufe nasa ƙofofin na wasu kwanaki lokacin da yake tsawo, daga baya ya buɗe.

Wasu ƙofofin suna samuwa ne tun lokacin da ƙwaya ke rabuwa biyu, sabon bango ya ritsa da zaren retikulum a ciki, wasu kuma daga baya ake huda su, da yawa su yi rassa in ganye ya manyanta.

Bairos, wato ƙwayar cutar nan ƴar mitsitsiya, ya san kan wannan hanya. A ganyen da ya manyanta, ƙofar a yadda take abin da nauyinsa ya haura dalton 1,000 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) da wuya ya bi ta ciki, sai bairos ɗin mozayik na taba, mai sa ganyen taba dabbare-dabbare, ya ƙera furotin mai nauyin dalton 30,000 da ke faɗaɗa ta, an nuna haka a 1989. Bairos ɗin da ke murɗe ganyen rogo a gonakinmu shi ma yana da irin nasa furotin na tsallakawa.