Me ake nufi da "tunawar kumburi" a ƙwayoyin jiki?

A darasin kimiyyar halittu an saba koyar da cewa garkuwar jiki kashi biyu ce. Akwai wadda aka haifi mutum da ita, mai afka wa duk baƙon da ya shigo ba tare da tantancewa ba, kuma da an gama faɗa sai ta manta. Akwai kuma mai koyo, ta fararen ƙwayoyin jini da ake kira T da B, wadda ke riƙe kamannin cuta shekara da shekaru. Ita ce allurar rigakafi ke dogaro da ita. Wannan rabon ya daɗe ana karantar da shi, amma yanzu an gano bai cika ba: hatta sauran ƙwayoyin jiki suna riƙe alamar kumburin da suka taɓa yi, abin da ake kira "tunawar kumburi".

Wani ɓangare na shakkar daga Afirka ta Yamma ya taso. A Gini Bisau, Peter Aaby da abokan aikinsa sun lura cewa yaran da aka yi wa allurar ƙyanda ko ta BCG, wadda ake yi wa jarirai don tarin fuka, mutuwarsu ta ragu fiye da yadda kariya daga waɗannan cututtuka kaɗai za ta iya bayyanawa. A 2011 Mihai Netea na jami'ar Radboud a ƙasar Holan da abokansa suka raɗa wa abin suna "horarriyar garkuwa": wato garkuwar haihuwa ma tana riƙe wani abu na karon farko, ta fi zafin nama a karo na biyu, ko da cutar ta daban ce.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙwayoyin da ba na garkuwa ba ne sam, su ma suna yin haka. A 2017 Shruti Naik, a ɗakin binciken Elaine Fuchs na jami'ar Rockefeller da ke birnin Niyok, ta shafa wa ɓeraye wani mai da ke tayar da kumburi a fata. Fatar ta warke, ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Amma da aka ji wa wurin rauni daga baya, sai ya rufe da sauri fiye da fatar da ba ta taɓa kumbura ba, har bayan kwana 180. Ba sojojin garkuwa ne suka riƙe labarin ba, iyayen ƙwayoyin fata ne, waɗanda ke haifar sababbi.

Ta yaya ƙwayar da ba ta da ƙwaƙwalwa za ta tuna? Zaren gado na DNA a nannaɗe yake, kuma ɓangaren da ke buɗe kaɗai ake iya karantawa. Kumburi na sa a warware wasu wurare domin a yi aiki da su. Idan ya lafa yawancinsu sai su sake rufewa, amma wasu su zauna a buɗe da 'yan alamu a jikinsu, kamar tsinken da mai karatu ke sawa a shafin da ya tsaya. Rubutun bai canza ba, samun shafin ne ya yi sauƙi. A fatar ɓerayen, ɗaya daga cikin wuraren da suka zauna a buɗe shi ne na ƙwayar gado mai suna AIM2, mai gano alamar ɓarna ya tayar da ƙararrawa.

To sai dai ba kowane tuni ne alheri ba, kuma a ganina nan ne batun ya fi shafar marasa lafiya. A 2018 masu bincike a Boston sun nuna cewa ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin hancin masu fama da tsiron hanci mai zuwa da toshewa suna riƙe halin kumburin, ko an fitar da su an rena su a ɗakin gwaji. An ga makamancin haka a ƙwayoyin da ke kewaye da gaɓa, abin da ke iya bayyana dalilin da ya sa amosanin gaɓɓai ke yawan komawa gaɓar da ya taɓa kamawa. A 2021 kuma, a cibiyar MD Anderson ta Amurka, an nuna a ɓeraye cewa gaɓar cikin ciki da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, idan ta taɓa kumbura, takan fi jure kumburi na gaba, amma ta fi saurin kamuwa da ciwon kansa idan akwai matsala a ƙwayar gadon KRAS. Hatta jijiyoyin jini: hawan suga na ɗan lokaci na barin alamu a ƙwayoyin da ke lulluɓe da cikinsu bayan sugan ya sauka.

Yawancin wannan aiki a kan ɓeraye da ƙwayoyin ɗakin gwaji aka yi shi, don haka duk mai tallar maganin "goge tunawar kumburi" a yau ya riga malam masallaci. Abin da masu bincike ke nema shi ne hanyar rufe shafukan da ke ciyar da ciwo, ba tare da an taɓa waɗanda ke sa rauni saurin warkewa ba, alhali sau da yawa a ƙwaya ɗaya suke zaune.