Ma'anar HbA1c, da abin da ya haɗa shi da cutar mantuwa

Masu ciwon suga da ke zuwa asibiti a Garwa ko Marwa sun saba ganin HbA1c a takardar gwaji. Abin da yake nufi shi ne yawan hemoglobin da suga ya manne wa, wato furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar oksijin. Ƙwayar jini takan yi kusan kwana 120 kafin ta mutu, kuma sugan da ya kama ta ba ya saki. Shi ya sa gwajin ke tona asirin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ƙin shan shayi da safen ranar gwaji ba ya ruɗinsa. Daga kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama, ciwon suga ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai sikila dai ya sanar da likita, don nasa sakamakon kan karkace.

To ina ruwan ƙwaƙwalwa? Hemoglobin ake aunawa don ya fi sauƙi, amma suga na kama sauran furotin ma, har da na bangon jijiyoyin jini. Irin haɗuwar da ke sa tsire ya yi ja a bakin wuta ce, sai dai a jiki tana ɗaukar shekaru. Furotin ya sauya siffa, jijiya ta ƙage, kumburi ya biyo baya.

Ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suna da shinge mai tace abin da ke shiga daga jini. Idan irin wannan lalacewar ta sa shingen ya fara yoyo, sai fibrinogen, furotin mai sa jini ya daskare, ya kutsa ciki. Ƙwayoyin da ke gadin ƙwaƙwalwa su harzuƙa, su shiga lalata mahaɗar ƙwayoyin tunani. A 2010 masu bincike a Jami'ar Rockefeller ta Amurka sun nuna cewa amyloid, furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, wani nau'in cutar mantuwa, yana manne wa fibrinogen, gudan jinin ya yi wuyar narkewa.

Yawancin wannan a jikin ɓeraye aka gani, don haka kada wani mai tallan magani ya ce muku ya samo mai wanke jini. Abin da ya tabbata a kan mutane shi ne ciwon suga da hawan jini suna ƙara haɗarin cutar mantuwa. A ganina, tsohuwar da ta fara ɓata hanyar gida, kafin a ce rikicin tsufa ne ko a jefe ta da maita, a fara auna mata waɗannan biyun.