Me ake nufi da "ƙarfafa gini", kuma wa ya kamata a ba aikin?

Kalmar "ƙarfafa gini" ta yawaita a bakin injiniyoyi bayan girgizar ƙasar da ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, wadda ƙarfinta ya kai maki 7.8, ta kuma hallaka mutum fiye da 50,000. Mu nan Birnin Kebbi, da yawanmu in muka ji ta, abin da ke zuwa mana a rai shi ne gyaran da muka saba: a toshe tsaga, a sake filasta, a shafa fenti saboda biki ya matso. Wannan sunansa kwaskwarima. Ƙarfafa gini kuwa shi ne a komo kan gidan da aka daɗe da gamawa, har ana zaune a ciki, a ƙara masa abin da zai sa ya jure jijjiga ko nauyin da ba a yi lissafinsa ba ranar da aka aza harsashi.

Magini yana ɗora bulo kan bulo ne da tunanin nauyin da ke dannowa daga sama, kuma bango gwani ne wajen ɗaukar irin wannan nauyi. Ita girgiza daga gefe take turo gini, ta kai shi ta dawo da shi. Idan bangon gabas bai riƙe na kudu ba, rufi kuma zama kawai ya yi a kansu, kowanne sai ya kama gabansa, kusurwa ta buɗe, rufi ya rufto kan masu barci. Saboda haka zuciyar aikin ita ce ɗauri: a ɗaure harsashi da bango, bango da ɗan'uwansa, rufi da bango, gida ya zama abu guda.

Yadda ake ɗaurin ya danganta da irin ginin. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda gidajen katako suka fi yawa, ana kafe gindin gidan ne a jikin harsashin kankare da manyan kusoshi masu noti, don kada ya zame. A ginin bulo irin namu, ana zuba linta mai rodi ta zagaye gidan gaba ɗaya kamar ɗamara, maimakon guntayen da ake ɗorawa a saman ƙofa da taga kaɗai. Ana iya lulluɓe bango da ragar ƙarfe ciki da waje a bi ta da filasta mai kauri. Filar da ta yi siriri kuma ana yi mata riga: a kewaye ta da sabon rodi, a zuba kankare, ta ƙara jiki.

Ginin da ya fi ba ni tsoro shi ne benen da aka mai da ƙasansa shaguna. Duba bakin titi a Jega ko Argungu: sama ɗakuna ne masu bango ko'ina, ƙasa kuwa ƙofofi ne masu faɗi da 'yan filoli. Hawan da ke ɗauke da kowa shi ne mafi rauni. Irin wannan gini ne ya sa birnin Los Angeles ya kafa doka a 2015 da ta tilasta wa masu shi su ƙarfafa shi. Wanda ya sare fila don shago ya ƙara faɗi, wallahi ƙafar gidansa ya sare.

Masu ginin ƙasa ma maganar ta shafe su. Girgizar Maroko ta ranar 8 ga Satumba, 2023, mai maki 6.8, ta kashe kusan mutum 3,000, akasarinsu a ƙauyukan tsaunukan Atlas inda gidajen laka da dutse ne masu rufi mai nauyi.

To, mu ina ruwanmu? Najeriya tana nesa da inda manyan ɓangarorin ɓawon duniya suke gogar juna su haddasa girgiza, shi ya sa abin da muka gani 'yan motsi ne, kamar na Kwoi a jihar Kaduna a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018. Duk ɗan kwangilar da ya tsorata ka da girgiza a Kebbi don ya karɓi kuɗinka, ka yi hattara da shi. Abokan gabar gininmu ruwa ne da iska. Guguwar farkon damina tana yaye rufin kwano ta tafi da shi, ambaliya tana jiƙa gindin bango har ya zauna, ƙasar fadama kuma tana kumbura da damina ta tsuke da rani, harsashi na motsi tare da ita. Ɗaurin da ke ceton gida daga girgiza shi ne dai ke hana waɗannan su raba shi.

Gidan kawuna akwai tsagar da ta taso daga kusurwar taga ta yi ƙasa a karkace. Sau uku birkila yana toshe ta, sau uku tana dawowa bayan damina. Da aka kira injiniya, bai ko taɓa tsagar ba sai da ya zagaya bayan gida, ya tarar indararo na zuba a gindin bangon, ƙasar wurin ta lotsa. Kuɗin toshiya uku da sun isa gyaran magudana tun farko.

A nan ne batun wanda za a ba aiki ya shigo, kuma nan aka fi tafka asara. Mai duba gida daban, mai yin aiki daban. Injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, shi zai duba, ya rubuta abin da ke damun ginin, ya zana maganinsa, har kaurin rodi da tazarar da za a bari tsakani. Ɗan kwangila aikinsa bin wannan takarda. In ka bar mutum ɗaya ya faɗi ciwo ya kuma sayar da magani, ba ka da ma'aunin da za ka auna shi. Ka kai takardar wurin mutum biyu ko uku su yi farashi, ka je da ƙafarka ka ga aikin da suka taɓa yi, ka tambayi masu gidan yadda aka rabu. Yarjejeniya ta zama a rubuce da shaidu, ko da ɗan'uwanka ne, kuma kada kafin alƙalami ya cinye rabin kuɗin. A riƙa biya mataki-mataki.

Matakin da bai kamata ka yi nisa ba shi ne ranar zuba kankare, domin da zarar an rufe rodi babu mai sake ganinsa. Injiniya ya zo ya ƙirga, ka ɗauki hoto da wayarka kafin a zuba. Bayan nan a riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, balle a zafin Kebbi da ke busar da shi tun bai kama ba, kuma sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi. Kuɗin ƙarshe ya jira har injiniyan ya dawo ya sa hannu.