Mene ne "Low SAPS" da ake rubutawa a galan ɗin baƙin mai?

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen baƙin mai a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya san yadda cinikin yake. Ka faɗi sunan motarka, mai shago ya sauko da galan daga kan kanta, ya kaɗe masa ƙura, ya ce, "Alhaji, wannan 5W-30 ne, ba ka da matsala." In tsohuwar mota ce mai shan fetur, wataƙila maganarsa ta zauna. Amma in mai shan gas ce, wato dizal, irin waɗanda ke shigowa daga Turai ta Kwatano, ƙirar 2010 zuwa sama, to da sauran rina a kaba. Lambar 5W-30 kaurin mai kawai take faɗa, yadda yake gudana da sanyi da yadda yake riƙe jikinsa da zafi. Abin da irin wannan mota ta fi damuwa da shi yana bayan galan, cikin ƙananan rubutun da ba kowa ke karantawa ba: Low SAPS, ko kuma harafin C da lamba a gabansa.

Ba za a gane kalmar ba sai an leƙa ƙarƙashin mota. A jikin salansar motocin gas na zamani akwai wata tukunya da ake kira DPF, a Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuma FAP. Matatar hayaƙi ce. Makanikai kan haɗa ta da abin nan da suke kira indomi, mai rage gubar hayaƙi, alhali aikinsu daban. Cikinta wani tubali ne na yumɓu mai ramuka sirara kamar saƙar zuma, sai dai kowane rami a toshe yake ta ɓangare ɗaya: wanda ya buɗe ta gaba an rufe shi ta baya, maƙwabcinsa kuma akasin haka. Hayaƙi ya shiga, ba hanyar fita, dole ya ratsa ta jikin bango, kunkunniyar da ke cikinsa ta maƙale. Peugeot ta sa ta a motar hawa, ƙirar 607, tun shekarar 2000. Da dokar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki a Turai a 2009, sai ta zama kusan dole ga kowace sabuwar motar gas.

Matata takan cika, don haka motar ke wanke ta da wuta. Idan kwamfutar motar ta ga kunkunniya ta taru, sai ta ƙara feshin gas, zafin hayaƙi ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone ta fice. Direba yana kan hanyar Kano zuwa Zariya ba zai ma san an yi ba.

Sai dai ba kunkunniya kaɗai ke zuwa matatar ba. Kowane inji, komai lafiyarsa, yana shan ɗan baƙin mai, wanda ke sulalewa ta gefen ringi ya ƙone tare da gas. Shi kuwa baƙin mai ba mai ne zalla ba, an zuba masa sinadarai: masu wanke dattin inji, waɗanda ake haɗawa da kalsiyam ko maganiziyam, da mai hana ƙarfe cin ƙarfe, wanda ke ɗauke da zinki da fosfaros da farar wuta. Waɗannan in sun ƙone toka suke bari. Mai girki da itace ta san bambancin: baƙin da ya kama gindin tukunya wuta mai ƙarfi na iya cinye shi, amma tokar murhu ko ka kwana kana hura mata wuta tana nan, sai an kwashe. Haka take taruwa a ƙarshen ramukan matatar, kaɗan-kaɗan, wurin da kunkunniya za ta zauna yana raguwa. Motar ta riƙa yawan ƙona matata, shan gas ya ƙaru, fitila ta kama a gaban direba, wata rana ka taka totur ta ƙi ja.

Daga nan kalmar ta fito. SAPS haruffan farko ne na sunayen abubuwa uku a Turanci: toka (Sulphated Ash), fosfaros (Phosphorus) da farar wuta (Sulphur). Low SAPS kuwa yana nufin man da aka rage masa su. Tokar ma auna ta ake yi: a ƙona ɗan samfurin mai a ɗakin gwaji, a zuba wa ragowar ruwan asid na farar wuta, a gasa a digiri 775, a ɗora abin da ya saura a sikeli.

Ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai, ACEA, ita ta fito da rukunin C a 2004. Man da ke ɗauke da C2 ko C3 tokarsa ba ta wuce kashi 0.8 cikin 100 ba, C1 da C4 kuma ba ta wuce 0.5 ba. Masana kan kira na farkon Mid SAPS, amma a kasuwa duk an haɗe su da suna ɗaya. Man da aka rubuta wa A3/B4, wanda mai kyau ne ga injin da ba shi da matata, tokarsa na iya kaiwa 1.6. A ƙaddara lita ɗaya tana da nauyin giram 850. In inji ya shanye ta, C3 zai bar abin da bai kai giram 7 ba, A3/B4 kuwa zai iya barin ninkin haka. A tafin hannu ba wani abu ba ne, amma mota ba lita ɗaya take sha a rayuwarta ba, kuma abin da ya shiga ba ya fita. Shi ya sa kuskuren yake da wuyar kamawa. Ka zuba man da bai dace ba yau, motar ta tashi lafiya, ƙararta ma ta yi daɗi. Sai bayan dubban kilomitoci matsalar ta ɓullo, a lokacin kuwa an manta da galan ɗin, a ɗora laifin kan sensa ko kan "motar Turai ba ta son ƙasarmu".

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne lambobin. C4 bai fi C3 ba, C3 bai fi C2 ba, ba ajin makaranta ba ne. C2 ya fi tsinkewa idan inji ya ɗau zafi, an yi shi don rage shan gas, C3 kuma ya fi riƙe kauri. Kowane inji da wanda aka ƙera shi a kai. Saboda haka lambar kamfanin motar ta fi komai: Volkswagen 507 00, Mercedes 229.51 ko 229.52, BMW Longlife-04, Renault RN0720, Peugeot da Citroën B71 2290. Wadda ke cikin littafin motarka, ita za ka nema a bayan galan. A tsarin Amurka, CJ-4 da CK-4 su ne na injin da ke da matata, da toka da ba ta wuce kashi 1 ba, kuma an fi yin su don manyan motoci. CI-4 da CH-4, irin 15W-40 da ake zuba wa tirela da janareta, ba a ƙayyade musu toka ba. Japan kuma tana da DL-1 don ƙananan motocin gas.

A ganina akwai inda shawarar Turai ba ta isar mana. Sinadaran da aka rage ɗin nan su ne kuma ke kashe tsamin da farar wutar cikin gas ke haifarwa a inji. A Turai an iya rage su ne saboda tun 2009 gas ɗinsu bai wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta ba. Najeriya ta daɗe da ƙa'idar 3,000, kafin ECOWAS ta amince da 50 a 2020, kuma mai mota ba shi da hanyar auna abin da aka zuba masa a tanki. Man Low SAPS da ya haɗu da gas mai yawan farar wuta zai gaji da wuri. Maganin ba komawa mai mai toka ba ne, matso da lokacin juye ne. Doguwar tazarar nan da littafin motar ya yarda da ita, da man Jamus da titin Jamus aka yi lissafinta.

Ga kuma zirga-zirgar cikin gari. Motar da kullum daga gida sai kasuwa sai makarantar yara, ana kashe ta tana tsakiyar ƙona matata, gas ɗin da aka ƙara fesawa yakan gangara ta bangon silinda ya haɗu da baƙin mai. Sai ka zaro geji ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ka shinshina ka ji warin gas. Wasu motocin Mazda masu shan gas har alamar X suke da ita a jikin gejin, sama da layin cika. In mai ya kai wurin, ko jiya aka zuba shi, juye ya kama.