Hayaniyar lantarki a na'urar sautin mota

Hayaniyar lantarki a na'urar sautin mota ita ce duk wata ƙara da ke fitowa daga lasifika alhali ba ta cikin waƙar da aka kunna ko shirin da ake saurare. Takan zo kamar fito, ko ƙas-ƙas, ko ƙugi, ko huci. Asalinta galibi wutar motar ce da kanta, domin rediyo da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) suna shan wuta daga batir ɗaya da injin, fitilu, fanka da famfon mai. Kowace hayaniya tana da abu biyu: wurin da aka haife ta, da ƙofar da ta bi ta shiga sauti. Kunne yakan gano na farko. Na biyun sai an bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne yawancin aikin gyara yake.

Tarihi a taƙaice

Matsalar sa'ar rediyon mota ce. Lokacin da kamfanin Galvin na Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola a 1930, babban aikin mai ɗaura shi shi ne danne tartsatsin fulogi, wanda ke cika tashoshin AM da ƙara. Tsarin FM, wanda Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, ya fi jure irin wannan kutse, kuma Blaupunkt na Jamus ya kai shi cikin mota a 1952. Sai kuma wata sabuwa ta ɓullo: daga 1960, lokacin da Chrysler ya sa altaneta, na'urar da ke cajin batir idan injin na aiki, a motarsa Valiant, sauran kamfanoni suka bi sahu suka bar tsohon janareta, kukan altaneta ya zama hayaniyar da aka fi kuka da ita. A yau akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna CISPR 25 da ke iyakance yawan kutsen da kayan lantarkin mota za su iya fitarwa, don kare rediyon da ke cikin motar.

Abin da kowace ƙara ke nunawa

Kukan altaneta siririn fito ne mai bin totur. A taka, ya hau. A saki, ya sauko. Dalili kuwa, altaneta wuta mai kai-da-komo yake samarwa ta layi uku, sai dayod shida su miƙe ta ta koma irin wadda batir ke karɓa. Miƙewar ba ta cika yin sumul ba, akwai ɗan tudu da kwari da ke saura a kanta. A altanetan da aka fi samu, mai kan maganaɗisu 12, wannan tudun yana tashi sau 36 a kowane juyi ɗaya. Idan injin yana sulo a juyi 800 a minti, kuma bel yana juya altaneta ninki biyu da rabi na hakan, to tudun zai tashi sau 1,200 a daƙiƙa. In aka kai injin juyi 3,000, lissafin ya zama 4,500. Wannan ya faɗa daidai inda kunnen ɗan Adam ya fi kaifi, wato tsakanin 2,000 da 5,000 a daƙiƙa, shi ya sa ɗan kaɗan ɗinsa ma yakan hana mutum sakat. Idan aka kunna manyan fitilu ko fankar iska kukan ya ƙaru, shaida ta cika, domin an ƙara wa altanetan kaya.

Ƙarar fulogi daban take. Ƙas-ƙas ce ko tas-tas, ana iya jin rabuwarta a sulo, sai ta haɗe ta zama zuuu idan injin ya ɗau gudu. Injin fetur mai silinda huɗu yana tartsatsi sau biyu a kowane juyi, wato kusan sau 27 a daƙiƙa a juyi 800. Kowane tartsatsi na dubban bolt ne, kuma yana watsuwa cikin iska kamar ƙaramar tashar rediyo. Ta fi damun AM. Maganinta na asali fulogi mai rizisto a ciki, wato abin da ke turje wa wuta, yawanci mai turjiyar kimanin om 5,000, da wayoyin fulogi masu lafiya. Motar da aka sa wa fulogi marar rizisto, ko wayar fuloginta ta tsage, takan fara wannan ƙara rana tsaka. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, saboda haka in aka ji makamanciyarta a can, sai a duba wani wurin.

Akwai hayaniyar da ke zuwa kawai idan an kunna wani abu: waifa, fankar iska, ƙaho, sigina. Wannan ta fi sauƙin kamawa, tunda mai laifin yana nuna kansa. Famfon mai yakan yi ƙugi na 'yan daƙiƙu da zarar an murɗa makulli, tun kafin injin ya tashi. Ƙwayayen fitila na LED marasa inganci da ƙananan cajojin waya da ake sokawa a ramin kunna sigari su ma sun shiga sahu, domin a cikinsu akwai da'irar da ke yanke wuta tana haɗawa sau dubbai a daƙiƙa. Sau da yawa alamarsu ba ƙara ba ce, tashar FM ce kawai za ta dusashe da zarar an kunna su. Wayar salula da ke kan layin GSM tana da tata muryar, wani dit-dit-dit da ƙugi kafin kira ya shigo, saboda tana aika saƙonta gutsi-gutsi kusan sau 217 a daƙiƙa.

Huci kuma, shuuu ɗin nan da ke nan ko injin na kashe, galibi ba daga motar yake ba. An buɗe maɓallin da masu sana'ar ke kira gen a jikin amfilifaya fiye da kima. Mutane da yawa suna ɗaukar sa maɓallin ƙara murya, alhali aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke turowa, ko bolt 2 ce ko 4. In an murɗa shi har ƙarshe, yana kumbura waƙa da datti baki ɗaya.

Ƙofofin shiga

Hanyoyi uku ne: ta wayar wuta, ta iska, da ta bambancin wurin komawar wuta. Na ukun ya fi kowanne yawa, kuma ya fi wuyar fahimta.

A mota, ƙarfen jikinta ne ke mayar da wuta zuwa kan batir na negatib. Kowace na'ura tana da wayar komawa da ake ɗaurewa a wannan ƙarfe. A takarda, ko'ina a jikin mota sifili ne. A zahiri kuwa jikin mota faranti ne da aka haɗa da walda da gam da noti, ga fenti, ga tsatsa, kuma wutar fitilu da fanka duk tana ratsa shi. A ɗauki amfilifaya da ke but yana jan amfiya 30, mahaɗin komawarsa kuma yana da turjiyar om 0.01 kacal. Wannan ya isa ya ɗaga shi bolt 0.3 sama da rediyon da ke dashbod. Wayar RCA da ta haɗa su, wato mai kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, tana da rigar ƙarfe a waje, wadda ke taɓa komawar kowannensu. Ita wuta ba ruwanta da abin da aka yi waya dominsa: da ta ga hanya sai ta bi, ta kwashi tudun altaneta ta ratsa rigar. Amfilifaya ba ya iya bambance wannan da waƙa. A wurin da waƙa ta yi sanyi siginar ba ta wuce 'yan dubunnen kason bolt ba, don haka kukan ke fitowa fili tsakanin waƙa da waƙa. Wannan shi ake kira zagayen komawa. Ƙaramin misalinsa kusan kowane direba ya taɓa ji: wayar salula tana caji a mota, an kuma haɗa ta da rediyo ta wayar AUX, fito ya tashi, a zare caja, shiru.

Ta iska kuwa, duk wayar da ke ɗauke da wuta mai yawa tana da maganaɗisu kewaye da ita, kuma wayar sigina da ke kwance kusa za ta iya ɗauka. Saboda haka aka saba bin da wayar wuta ta gefe ɗaya na mota, RCA ta ɗaya gefen, in dole su haɗu su gitta juna a tsaye. Masu sana'a sun yi saɓani kan girman tasirin wannan, tunda jikin motar ma da RCA ke kwance a kai yana ɗauke da wuta, amma raba su ba ya cin komai a lokacin ɗaurawa. Abin da ake yawan mantawa shi ne kurosoba, ƙaramin akwatin da ke raba sauti tsakanin babbar lasifika da ƙarama. Akwai naɗin waya a cikinsa, kuma in aka ajiye shi kan damin wayoyin mota yakan ɗauki kuka ko da amfilifaya a kashe yake.

Yadda ake bin sawu

Ƙa'idar ita ce a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a saurara. Ana farawa da injin a kashe, sannan a tashe shi. Sai a gwada ko ƙarar tana bin maɓallin murya. In tana ƙaruwa da shi, ta shigo ne tun kafinsa, wato ta eriya, ko AUX, ko cikin rediyon. In tana nan yadda take ko an rage murya ƙurmus, to bayansa ta shiga. In a rediyo kaɗai ake jin ta, ba a Bluetooth ko USB ba, a zare wayar eriya. In ta ɓace, a duba gindin eriyar, domin shi ma yana bukatar ya kama ƙarfe mai tsabta.

A motar da ke da amfilifaya, gwaji mafi amfani shi ne zare RCA daga jikinsa. A kashe komai tukuna. Wasu rediyoyin suna da wani ɗan mitsitsin fis a kan layin rigar RCA, wanda ke ƙonewa idan aka zare ko aka soka wayar da wuta a kunne, daga nan kuma kukan da ake nema ya ninka. Bayan an zare, in hayaniyar ta ci gaba, laifin yana ga amfilifaya, ko komawarsa, ko wayoyin lasifika da kurosoba. In ta tsaya, a kawo wata RCA a shimfiɗa ta a fili, ta kan kujeru, daga rediyo zuwa but. In shiru, tsohuwar ce ta lalace ko ta bi muguwar hanya. Ba abin mamaki ba ne a tarar kusar da aka ɗaure kafet da ita ta huda ta. In har yanzu ana ji, a zaro rediyon daga raminsa yana aiki, a riƙe shi nesa da dashbod. Raguwar ƙarar na nufin wani abu a bayan dashbod ne ke fesa masa. In ba ta ragu ba, saura wayar wutarsa da ta komawarsa.

Gyaran mahaɗin komawa aikin hannu ne. Ana zaɓar ƙarfe mai kauri na ainihin jikin mota, a kankare fenti da samfefa har ya yi ƙyalli, a ɗaure da noti tamau, sannan a shafa abin hana tsatsa a sama. Wayar ta kasance kaurinta ɗaya da ta wuta, kuma gajera. An saba cewa kada ta wuce kamar santimita 45. Notin kujera da na bel ɗin kujera suna da jan hankali saboda suna kusa, amma sau da yawa akwai fenti ko gam a zarensu, ga shi kuma kayan kariya ne da bai kamata a riƙa kwancewa ba. Idan amfilifaya ya fi ɗaya, a tara komawarsu wuri guda. Jikin amfilifayan kansa gara a ɗaura shi kan katako, kada ya taɓa ƙarfe ya buɗe hanya ta biyu.

Mitar gwajin wuta tana raba gardama. Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 a kashe, kuma tsakanin 13.5 da 14.5 idan injin na aiki. In aka juya mitar zuwa ma'aunin wuta mai kai-da-komo aka ɗora a kan batir, abin da za a gani ya kamata ya zama ɗan kaɗan; masu gyara da yawa suna ɗaukar rabin bolt a matsayin alamar dayod ya mutu. A irin wannan hali babu abin da za a yi wa rediyo, altanetan ne ke bukatar gyara. Batir ma yana da hannu, domin shi ne babban abin da ke shanye tudun wutar, kuma in ya tsufa ko kawunansa sun yi farin gari, ba ya iyawa. Haka wayar da ta haɗa injin da jikin mota. Tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir injin na aiki don gwada altaneta tana iya tura wuta mai yawa ta ƙone kwamfutar mota da rediyon tare. Wayoyi masu rigar rawaya a ƙarƙashin kujera ko sitiyari kuma galibi na jakar iska ne, ba a taɓa su.

Matatai

Ana sayar da na'urori biyu don wannan matsala. Matatar layin wuta naɗin waya ce da kwandensa, ana sa ta a wayar da ke ba rediyo wuta, kuma tana aiki ne kawai in ta nan hayaniyar ke shiga. Ɗayar ana sa ta a kan RCA ko AUX. Ƙananan taransifoma ne a ciki, masu wuce da sauti ta maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, sai zagayen ya yanke. Ga matsalar caja da AUX, ita ce mafita mafi sauƙi. A tsakanin rediyo da amfilifaya kuwa, marasa ingancinta suna rage bas, kuma suna iya rufe mahaɗin da ya saki, wanda zai ci gaba da zafi a ƙarƙashin kafet ko an daina jin kukansa.

Motoci masu lantarki

Motar da ke tafiya da batir zalla ba ta da fulogi ko altaneta, amma na'urar da ke sarrafa wutar injinta tana yanke wuta mai ƙarfi da sauri ƙwarai, kuma kutsen da take fitarwa yana faɗawa kan zangon AM. Kamfanoni irin su BMW da Tesla sun cire AM daga wasu motocinsu na lantarki. A Amurka, inda ake dogara da tashoshin AM wajen sanarwar gaggawa, batun ya kai gaban majalisar dokoki a 2023, kuma a shekarar ce Ford ya janye shirinsa na cire AM daga sababbin motocinsa.